Shekarar da Na Ba Ma'u Ƙararrawa

Ku 'ya'yana kun tashi da labarin cewa Goggonku Dija ta bar gidanmu na Limawa ne don ita da mahaifiyarku sun kasa zama a kicin ɗaya. Ban taɓa faɗa muku haka da bakina ba. Abin da na yi, na ji kuna faɗa na yi shiru, kuma duk wanda ya daɗe da alli a hannu ya san in ɗalibi ya ba da amsa malam ya yi shiru, to ya ci ke nan. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta tafi da wannan laifi a kanta, ba ta taɓa tsayawa wanke kanta ba. Yanzu da ba ni da ofis, ba ni da malamai a ƙarƙashina, ba mai miƙewa tsaye in na shiga ɗaki, na ga ya kamata in gyara wannan amsa kafin a karɓe takardata.

A shekarar gudu ne. Ba sai na ce muku wace ba, kowa a Jimeta ya san ta. Ku manya kuna makarantun kwana, ƙananan kuma ba a gaya musu komai sai dai su matsa su ba baƙi wuri. Gari ya cika ya batse, duk gidan da ke da zaure sai da zauren ya koma ɗakin kwana. Dija, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, ta iso mana da ƙafafu a kumbure bayan kwanaki a daji, da ƙunshin kaya guda, da 'yarta Asma'u, wadda muke kira Ma'u, 'yar shekara takwas. Mijinta ya ce su yi gaba zai biyo su. Har yau bai biyo ba.

Ranar da suka iso, da la'asar, maƙwabcinmu ya tayar da janaretonsa. Kafin ƙarar ta daidaita, Ma'u ta bar kwanon da aka ba ta, ta shige ƙarƙashin gado, ta danne kunnuwanta da tafukanta tana wani gunji ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin kanta. Matan unguwa da suka zo barka da arziki suka dubi juna, kowace ta ce Allah sarki, yarinya ta ga abin da ta gani. Ni ma haka na ce. A lokacin kowa yana da wannan bayani a aljihunsa, kuma sau da yawa gaskiya ne. Ko murfin tukunya ya faɗi a wani gida, sai ka ga yara sun kwanta a ƙasa.

Da mutane suka watse, Dija ta same ni a tsakar gida. Hamma take kira na, wato yaya da Fillanci.

"Hamma, ba harbin ba ne. Haka take tun tana goye."

"Ke dai kin gaji, Dija. Ki huta."

"Ranar sunanta da aka yi guɗa, sai da ta shiɗe don kuka. A gida ma ba na bi da ita ta gaban injin niƙa, zagaye muke yi ta bayan masallaci. Harbin ya zo ne ya same ta a haka."

Na gyaɗa kai irin gyaɗawar da nake wa iyayen yara in sun zo ofis da bayani mai tsawo. Dija a aji uku ta tsaya. Ni kuwa takardun shaidata uku ne a bango, cikin gilashi, kuma ni nake goge su da kaina.

Cikin makonnin da suka biyo na ga abubuwan da ban taɓa gani a wurin yaro ba, ko kuma na sha gani ban kula ba. Ma'u ba ta sa sabon kaya. In aka ɗinka mata riga, sai uwarta ta wanke ta sau biyar sau shida har ta yi laushi, sannan ta juya mata ita bai, don ɗinkin ciki yana cizon ta kamar cinnaka. Ba ta cin miyar kuɓewa, yauƙin ne ba ta iya haɗiyewa, kuma in miya ta taɓa tuwo kafin ita ta taɓa da kanta, an gama cin abinci ke nan. Kitso yaƙi ne, sai a kwana uku ana yin kai ɗaya, layi biyu yau, layi biyu gobe. In hayaniya ta yi mata yawa, Dija takan naɗe ta da zane tamau kamar za ta goya ta, ta rungume ta ta baya, sai ka ga jikin yarinya ya saki. Wani lokacin kuma ta miƙa mata bokiti ta ce ta cika randa, don ɗaukar nauyi yana kwantar mata da hankali. Ga kuma abin da nake so ku riƙe: mahaifiyarku ce ta fara koyon waɗannan duka. Ba ta ɗaga taɓarya sai ta leƙa ɗaki ta ce, "Ma'u, zan yi daka," ta jira yarinyar ta koma bayan gida wurin zogale. Ita ce ta je ta roƙi maƙwabci ya riƙa turo yaro kafin ya tayar da janareto. Matan nan biyu ba su taɓa faɗa a kan ko da cokali ba. Ni ne kaɗai a gidan nake kallon abin ina kiran sa sangarta.

Na sa Ma'u a makarantar da nake hedimasta. Azuzuwa sun kumbura da yaran gudun hijira, benci na mutum uku yana ɗaukar shida. Ta faɗa aji uku, hannun Madam Rifkatu, wata malama Kirista daga kudancin jihar, gajeriya, mai takalmi mai tsini da muryar da ba ta ɗagawa. A hannunta Ma'u ta fara haɗa baƙi. Kafin zangon ya raba, in muna cikin keke za mu gida sai in ji tana karanta allunan shaguna ƙasa-ƙasa, harafi bayan harafi, har da inda mai fenti ya yi kuskure. Na koyar da yara da yawa, na san kan da zai yi nisa in na gan shi. Wannan kan zai yi nisa. Abin da ban sani ba shi ne yadda Madam take yi da ita. Ta zaunar da ita bakin ƙofa inda iska take, nesa da tsakiyar ihu. Ta ƙyale ta da yunifom a juye ƙarƙashin hijabi. In lokacin ƙararrawa ya kusa, sai ta dubi agogonta ta taɓa kunnenta, Ma'u ta tashi ta ɗauki bokiti ta tafi ban ruwan shuke-shuke a bayan azuzuwa. Duk wannan yana faruwa taku arba'in daga ofishina.

Ƙararrawar tamu ba ƙararrawa ba ce ta gaske. Tsohon wilin babbar mota ne, ƙarfen da ake sa taya a kai, muka rataye a reshen dogon yaro, ana dukan sa da guntun rodi. In an buga, har bakin kasuwa ana ji, kuma mai bugun yakan ji haƙoransa suna rawa. Buga ta matsayi ne. Yaron aji shida ake ba, mai tsafta mai hankali, a kira shi taimkifa, a ara masa agogo. Iyaye har godiya suke zuwa yi.

Ana nan sai wata ƙungiya ta kira shugabannin makarantu bita ta kwana uku a kan yaran da suka firgita. Don kada in zalunci matar da ta koyar da mu, ta faɗi abubuwa da yawa daidai. Ta ce yaron da wani abu ya firgita ana iya kusanta shi da abin a hankali, da yardarsa, a hannun wanda ya san aikin. Har ta ce ba duk yaron da ya toshe kunne ne yake tuna harbi ba. Yanzu nake tuna wannan. A littafina na ranar, da na duba bayan shekaru, abin da na rubuta layi ɗaya ne: a saba wa yaro da abin da yake tsoro. Sauran jimlar ta faɗi a hanya, tsakanin bakinta da alƙalamina. Na dawo da jaka mai tambari da takardar shaida ta huɗu, da kuma tabbacin cewa ni ne zan warkar da 'yar ƙanwata.

Ranar Litinin a taron safe, bayan an yi addu'a an duba farce, na sanar cewa daga yau Asma'u ta aji uku ce taimkifa. Na ce a tafa mata. Yara wajen dubu suka tafa. Tana tsaye a layi ta sa hannuwa cikin hijabi ta danne kunnuwa, ni kuwa na ɗauka kunya ce.

Ban gama zama a kujera ba Madam Rifkatu ta shigo. Hausarta irin ta gari ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Sa, ka yi haƙuri. Yarinyan nan ba tsoro yake ji ba. Zafi yake ji. Kaman ka sa masa allura a kunne."

"Madam, kin je bitar nan?"

"Ban je ba, sa."

"To."

Na daɗe ina jin daɗin wannan "to" ɗin. Gajere ne, kuma ya rufe magana.

Da yamma Dija ta durƙusa a gabana, abin da ba ta yi ba tun muna yara.

"Hamma, don darajar Dada da ta haife mu, ka ba wani ƙarfen nan. Ka sa ta shara, ka sa ta ɗiban ruwa, duk za ta yi."

"Dija, ke kin haife ta, ni na karanta. Ki bar kowa ya yi abin da ya iya."

Mahaifiyarku tana tankaɗe a gefe. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Malam, yarinyar nan ba aji ba ce fa. Mutum ɗaya ce."

Na ce mata in ina neman shawara a kan tuwo zan tambaye ta. Haka na faɗa, a gaban ƙanwata. Na rubuta shi nan don ku san irin mutumin da ya haife ku a wancan lokacin.

Gaskiyar magana, da Madam ta same ni kafin taron safe, wataƙila da na saurara. Amma na riga na faɗa a gaban malamai da yara, kuma a tsarinmu hedimasta ba ya janye abin da ya faɗa a gaban layi. Haka na ga nawa hedimastan ya yi, haka na koya wa na bayana. Muna kiran wannan riƙe mutuncin kujera.

Ma'u ta buga. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau, ba ta ƙi ba. Kawunta ya ce ta yi, ta yi. Matsalar ita ce rodi yana bukatar hannu ɗaya, kunnuwa kuma biyu ne. Takan danne ɗaya da hannun hagu, ta ɗaga kafaɗa ta manna wa ɗayan, ta rufe ido ta kai duka. Sau shida a yini. Uwarta ta shafa wa auduga man kaɗanya ta cusa mata a kunne. Na gano a kwana na uku na sa ta cire, na ce magani ba a rage masa ɗaci. Ita da kanta ta samo tsumma ta naɗe kan rodin don ƙarar ta mutu. 'Yan aji shida suka yi ƙorafin ba sa jin tashi, na warware tsumman da hannuna. A gida ta daina cin ko da gayan tuwon. A keke ta daina karanta alluna. Na ga shatin haƙora a wuyan hannunta na ɗauka faɗa ta yi da wata. Da aka shiga mako na biyu ta daina kuka gaba ɗaya, sai na buɗe littafin makaranta na rubuta da kyakkyawan rubutuna cewa ana samun ci gaba.

Ranar Alhamis ta mako na biyu, lokacin hutun tara, na fito na tsaya a kanta don in ga ci gaban da idona. Ta kai duka, ƙarar ta fito a raunane.

"Wannan bugu ne ko sallama? Ƙara!"

Ta ƙara, bai fi na farko ba. Sai na kama hannunta da rodin a cikin nawa, na janye ɗayan daga kunnenta, na buga sau uku da duk ƙarfina.

Da na sake ta, rodin ya faɗi. Ba ta yi ihu ba. Ta juya kawai ta kwasa da gudu. Ƙofar makaranta a buɗe take don masu sayar da abinci suna shigowa, ta bi ta tsakaninsu ta fice, ta miƙe titin da ya nufi kasuwa.

Ku da kuka girma bayan abin ya lafa, sai na tsaya na yi muku bayani. A wancan lokacin an sha aiko 'yan mata ƙanana da mugun kaya a jikinsu cikin taron jama'a. Saboda haka a bakin kowace kasuwa akwai shinge, da samarin unguwa masu sanduna suna bincike, wani lokacin da mafarauci guda mai bindiga. Yanzu ku dubi abin da waɗannan mutane suka gani. Yarinya cikin dogon hijabi, tana gudu kai tsaye zuwa shinge, hannuwanta biyu a ɓoye a ciki. Suka daka mata tsawa ta tsaya. Ita kuwa duk tsawar da aka ƙara sai ta ƙara danne kunne ta ƙara gudu, ido rabi a rufe. Kasuwa ta watse. Na ga tiren tumatir a sama, na ga mata suna faɗuwa kan juna suna salati, na ga hannuwa sun ɗauki duwatsu. Na ga bakin bindiga ya taso.

Madam Rifkatu ce ta wuce ni kamar iska. Ta watsar da takalman nan nata masu tsini a tsakiyar titi, tana gudu ba takalmi, kuma ranar na fara jin ƙarshen muryarta.

"'Yata ne! 'Yata ne! Ɗan makaranta ne, kar ku taɓa shi!"

Ta cim mata taku kaɗan kafin shinge, ta faɗa kanta, ta kwance zanen da ta ɗaura a kan siket ta naɗe ta tamau, ta juya wa mutane baya. Dutse guda da ya riga ya bar hannun mai shi ya same ta a kafaɗa. Ba ta ko waiwaya ba. Ta ɗaga hijabin a hankali don kowa ya ga babu komai a ciki sai hannuwa biyu a kan kunnuwa biyu.

Ni ne na ƙarshen isowa. Da sauri nake tafiya, amma ban yi gudu ba, don hedimasta ba ya gudu a gaban ɗalibai. Mai bindigar ashe tsohon ɗalibina ne. Ya jingina bindigar da shinge, ya tsuguna.

"Malam, saura kaɗan. Wallahi saura kaɗan. Da na harba fa, Malam? Da na ce wa uwarta me?"

Na juya na bar shi a tsugune. Da muka koma makaranta na zauna na rubuta wa maigadi takardar tuhuma, ya bayyana cikin kwana biyu dalilin da ya sa ya bar ƙofa a buɗe. Ba kuskure ko ɗaya a Turancinta.

Labari ya riga mu isa gida. Na shirya wa kuka da zagi, har na tanadi abin da zan ce. Dija ba ta ba ni wannan damar ba. Ta karɓi 'yarta daga hannun Madam, ta yi mata godiya har ƙasa, ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa. Washegari da safe na fito na tarar da ƙunshin nan guda a bakin zaure. Ta ce za su Ngurore, wurin wani ɗan'uwan mijinta mai gona.

"Makarantar fa? Yarinyar nan ta fara karatu, Dija. Kada ki yi mata asara saboda fushi."

Ta dube ni, ba hawaye a idonta.

"Hamma, na ratso da ita daji kwana da kwanaki, ta gaban mutanen da ba su san ta ba, ko ƙwarzane ba ta yi ba. A hannun kawunta aka kusa harbe ta."

"Na cire ta daga ƙararrawar. An gama."

"Ai ni ma na gama."

Mahaifiyarku ta ɗaure musu garin masara da kuka da daddawa, ta ƙara da tsofaffin zannuwanta biyu da suka yi laushi, ta raka su har tasha. Da ku manya kuka dawo hutu kuka tambayi ina Goggo, ta ce an ɗan samu saɓani. Ba ta ce da wa ba. Ku kuka cike gurbin da sunanta, ni kuma ina zaune ina karanta jarida.

Daga baya na ji Dija ta gwada sa ta a makarantar can har sau biyu. Da sun doso ƙofa Ma'u ta hango yara a layi, sai amai. A karo na biyun ta kwana uku ba ta yi magana ba, uwar ta haƙura. Madam Rifkatu kuma ta nemi canjin makaranta a ƙarshen shekara. Ni na sa hannu a takardar, na rubuta cewa malama ce mai ƙwazo amma tana bukatar ƙarin horo.

Abin da ya tayar da wannan magana yanzu shi ne jikana Faruku, ɗan yayanku Bello. Kun san yadda yake da hayaniya da sabon kaya. Bara uwarsa ta kai shi wurin likita, ta dawo da takarda shafi biyu, ta kawo mini don ta san ina son karatu. Takardar ta ce akwai yaran da kunnensu da fatarsu da harshensu suke kai musu saƙo da ƙarfin da ya wuce na sauran mutane, abin da yake ƙara a wurinmu ciwo ne a wurinsu. Ba taurin kai ba ne, ba iska ba ce, ba kuma lalle firgita ba. Ta ce a riƙa gaya wa yaro kafin a yi abu mai ƙara. A sa masa kaya masu laushi, a cire abin da ke sukar sa. A ware masa wuri mai shiru a gida da aji. A ba shi aiki mai nauyi, a rungume shi da ƙarfi in shi ya so. Iyaye da malami su riƙa magana da juna. Kada a tilasta. Na karanta sau biyu ina neman abu ɗaya da Dija ba ta sani ba, ban samu ba. Dija ce kawai aka buga da Turanci. Saboda haka ga abin da nake roƙonku a kan Faruku da duk wani irinsa da Allah zai ba ku: in uwarsa ta ce haka yake, to haka yake. In wani ya zo muku da takardu a bango yana cewa ya san maganinsa, ku tambaye shi sau nawa ya taɓa zama da yaron a ƙarƙashin gado.

Da damina ta wuce na hau mota na tafi Ngurore. Gidansu yana can ƙarshen gari, nesa da babban titi, ba abin da ake ji sai awaki da iska a cikin karan dawa. Dija ta tsufa fiye da shekarunta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa kamar mutanen da suka haɗu a gidan gaisuwa. Na yi jawabin da na shirya tun daga Jimeta. Na gaya mata batun takardar likita, na ce duk abin da ta faɗa gaskiya ne, masana sun tabbatar.

Ta bari na kai aya.

"Hamma, ka hau mota tun daga Jimeta don ka gaya mini abin da ni na gaya maka?"

"Na zo neman gafara ne."

"Ni na yafe tun tuni, ba ni da ƙarfin riƙo. Ga mai abin can tana zuwa."

Ma'u ce ta shigo da damin harawa a ka. Ta zama mace, doguwa kamar ubanta. Ita ke riƙe da gonar gyaɗarsu da awakin, kuma an ce ba mai kiwo irinta a unguwar, tana jin akuya ba ta da lafiya tun kafin ta kwanta. Ta sauke damin, ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni da ladabi, Kawu ina hanya, Kawu ya su Hamma Bello. Na fara maimaita jawabina, na ji ya yi mini tsawo a baki. Na ce akwai ajin manya yanzu, ni zan ɗauki nauyin komai, ba layi, ba taro. Ta saurara har ƙarshe tana kallon tabarma, ta ce Allah ya saka da alheri, awaki ba sa barin mutum.

Sai ta tashi ta shiga ɗaki. Na ɗauka ta tafi ke nan. Ta fito da ƙaramin kwali na maganin hawan jinin uwarta, ta zaro 'yar takardar da ke ciki, ta warware ta a hankali, ta miƙo mini da hannu biyu. Na duba fuskarta ina neman gori, ko fushi, ko wani abin da zan iya amsawa. Babu.

"Kawu, tunda Allah ya kawo ka, karanta mana wannan. Mai kemis ya faɗa mana mun manta, kafin abinci ne ko bayan abinci. Kai ne mai karatu."

Na sa tabarau. Rubutun ƙanana ne ƙwarai. Na karanta mata.